Kawar Densu ko adodin Ada: wanne ya cancanci jarinki?

Duk matar da ke tuya ko sayar da abinci a Nima, Mamobi, Fadama ko Sabon Zango ta san inda kuɗin kifi ya kai. Amanen da a da ake zubawa a miya ba lissafi, yanzu sai an ƙirga. Shi ya sa wasu mata suka fara waiwayar halittun ruwa guda biyu da muka daɗe muna wucewa ba mu kula ba: kawa, wadda ake tsinta a bakin kogin Densu nan yammacin Akra, da adodi, wanda ake nutso a ciro daga ƙasan kogin Volta wajen Ada, shi ne 'yan talla ke miƙo mana a tsinke ta tagar mota a Sogakope. Dukansu nama ne a tsakanin ɓawo biyu, dukansu ba a ba su abinci, ruwa suke tacewa su rayu. Amma sana'arsu ba ɗaya ba ce. Idan kin ɗauki kuɗin susu kina tunanin inda za ki zuba, a ganina adodi ya fi dacewa da mai ƙaramin jari da ke zaune cikin zango. Kawa sana'a ce mai kyau, sai dai ta mutane ƙalilan ce, kuma zan faɗi su wa ke nan.

Kafin maganar riba akwai tambayar da kowace uwa za ta yi miki a bakin tire. Wata dattijuwa a Sabon Zango ta ɗaga tsinken adodi ta juya shi, ta ce: “'Yata, wannan abin ya halatta kuwa? Ba dodon koɗi ba ne?” Amsar ita ce: “Hajiya, na ruwa ne, kuma malamanmu sun halatta.” Mazhabar Malikiyya da akasarin zangunanmu ke bi ta halatta duk abin da ke rayuwa cikin ruwa ba tare da yanka ba, hujjarta aya ta 96 a Suratul Ma'ida da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarki ne, mushensa halal ne. Hanafiyya ce ta taƙaita kan kifi kaɗai. Wannan hukunci ɗaya ne ga kawa da adodi, don haka ba shi zai raba miki gardama ba.

Abin da ya raba su tun daga haihuwa shi ne gishiri. Kawarmu ta Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira Crassostrea tulipa, ba ta son ruwan teku zalla kuma ba ta jure ruwan daɗi zalla na tsawon lokaci. Mazauninta inda kogi ya haɗu da teku, ruwan ya zama tsaka-tsaki. Mace da namiji suna sakin ƙwai da maniyyi cikin ruwa, 'ya'yan da ido bai cika gani ba su yi ta yawo mako biyu zuwa uku, sannan kowanne ya nemi abu mai tauri ya manne: saiwar itacen mangurob mai tsirowa a bakin ruwan gishiri, dutse, ko ɓawon tsohuwar kawa. Inda ya manne nan zai girma, nan zai mutu, ba ya sake motsawa. Wannan ɗabi'a ita ce ƙarfin kawa kuma ita ce rauninta. Tunda ba ta gudu, kiwonta na da sauƙi, a ɗumin ruwanmu kuma takan kai girman sayarwa kafin shekara ta zagayo. Amma in ruwa ya ɓaci, abin da za ta iya kawai shi ne ta rufe ɓawonta ta jira. Kwanaki kaɗan za ta iya, in abin ya ɗore sai ta mutu a wurin.

Adodi, Galatea paradoxa, ɗan ruwan daɗi ne idan ya girma, ko da yake 'ya'yansa na bukatar ɗan gishiri-gishiri a farkon rayuwarsu, shi ya sa ba a samunsa sai a ƙarshen manyan koguna kusa da teku: Volta a nan Gana, kogin Kuros Riba a Najeriya, Sanaga a Kamaru. Ba ya mannewa da komai. Yana da tsoka mai kama da harshe da yake tona yashi da ita ya binne kansa, ya bar bututu biyu a sama, ɗaya na shigar da ruwa ɗaya na fitarwa. Ɓawonsa santsi ne, mai kauri, mai kusurwa uku, ba ya yanka hannu. Na kawa kuwa karkatacce ne, mai kaifi, ba biyu da suka yi kama. Ga 'yar kasuwa ma'anar wannan ita ce: adodi zai zo miki da yashi a ciki, sai kin iya wanki, kawa za ta zo miki da laka da kaifi, sai kin iya wuƙa kuma kin sa safar hannu.

Yanzu ga inda adodi ya yi wa kawa nisa, wato yawa. Kafin a gina madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, da ta Kpong a farkon shekarun 1980, ana kamun adodi tun daga Akuse har Sogakope, kuma sana'ar mata ce. Sukan shiga ruwa mara zurfi su laluba yashi da ƙafa. An ƙiyasta abin da ake fitarwa a wancan zamani da kimanin tan 8,000 a shekara. Madatsun sun hana ambaliyar da ke wanke ƙasan kogi duk shekara, ciyawa ta mamaye, laka ta rufe yashi, shigar ruwan gishiri ta canja. Sai adodi ya ja da baya ya taru a ɗan yanki na kimanin kilomita 10 tsakanin Agave-Afedome da Ada. Duk da haka, binciken da masanan jami'ar KNUST ta Kumasi suka wallafa a 2012 ya ƙiyasta kamun shekara da kusan tan 7,700. Wannan adadi yana faranta wa mai saye rai, ni kuwa tsoro yake ba ni: abin da a da ake tarawa daga dogon kogi, yanzu daga ɗan lungu ake tatsarsa. Amma ga tambayar “zan sami kaya in na je?”, amsar a Ada ita ce e, kusan kullum cikin lokacinsa.

Dalilin da ya sa aka iya tatsar ɗan lungu haka shi ne injin iska. Ki je bakin ruwa a Big Ada da hantsi ki ga kwalekwalen sun jeru a tsakiyar kogi, kowanne da kwamfuresa tana ƙara, dogon tiyo ya nutse cikin ruwa. A ƙarshen tiyon akwai mutum, ya cije shi da haƙori, yana rarrafe a ƙasan kogi yana tona yashi da hannu yana cika jakar raga. Wanda ke sama yana lura da injin yana jan jaka in ta cika. Idan suka fito za ki ga idanunsu jajur, fatar yatsunsu ta yi fari ta tattare. Iskar da suke shaƙa ta bi ta cikin inji mai mai da hayaƙi, kuma in injin ya tsaya mutum na ƙasa, sai dai addu'a da saurin fitowa. Ina so wadda za ta yi ciniki da su ta san wannan kafin ta fara taya kaya da wulaƙanci. A gaɓa mata ne ke karɓa, su tafasa a manyan tukwane har ɓawon ya buɗe, su girgiza naman ya faɗo, su tsaga cikinsa su matse baƙin abin da ke ciki, su wanke, sannan a soya ko a shanya. Kina iya saye a kowane mataki: da ɓawo, ko dafaffen nama, ko soyayye, ko busasshe.

A Densu labarin daban ne, kuma labari ne da nake alfahari da shi ko da yake shi ne ya sa na ce kawa ba ta kowa ba ce. Bakin Densu na cikin wuraren dausayi da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya don kare dausayi, tun 1992, amma hakan bai hana a sare itatuwan mangurob a yi itacen girki da su ba, bai hana gine-gine cin gaɓa ba. Kawa ta yi ta ƙanƙancewa tana raguwa. A 2017 masu tsintar kawa na Tsokomey da Bortianor da Tetegu, akasarinsu mata, suka haɗu a ƙungiya ɗaya mai suna DOPA, da taimakon ƙungiyar Development Action Association da wani shirin kamun kifi da Amurka ta ɗauki nauyi. Sun koyi darasi daga matan ƙungiyar TRY ta Gambiya, waɗanda suka riga su samun ikon kula da kawar dausayin Tanbi. Matan Densu suka koyi auna gishirin ruwa da kansu, suka dasa mangurob, suka riƙa mayar da ɓawon kawa cikin kogi don 'ya'ya su sami wurin mannewa, suka kuma yanke wa kansu hukunci mai zafi: rufe kogi wata biyar duk shekara. A 2020 gwamnati ta amince da tsarin da ya ba ƙungiyar ikon kamun kawa a wurin. Wato ruwan nan yana da masu shi a hukumance. Ba za ki ɗauki bokiti daga Fadama ki shiga ba.

Su kansu da hannu suke tsinta. Suna jiran teku ta janye, su shiga ruwa zuwa ƙugu ko ƙirji, ƙafa da hannu a naɗe cikin tsofaffin safa saboda kaifi, su laluba ƙasa su cika kwano. Ba inji, ba nutso mai nisa. Abin da ke fitowa daga ɗan wannan bakin kogi bai kai ko kusa da na Volta ba, kuma cikin nauyin da kika ɗauka mafi yawa ɓawo ne. Bokiti cike in an ɓare bai fi ya rufe gindin roba ba. Kusanci kuwa nata ne ba jayayya: daga Kaneshie ki bi hanyar Kasoa, ki sauka Old Barrier ki kama ta Bortianor, ki dawo gida kafin azahar. Ada tafiyar fiye da kilomita 100 ce ta hanyar Aflao, ki karkata a Kasseh, kuma cunkoson Tema kaɗai na iya cinye miki safiya. Sai dai kusancin da ba kaya me ya amfana? Mai tuya kullum tana bukatar abin da za ta samu kullum.

Akwai kuskuren lissafi da na ji mata da yawa suna yi: wai za su riƙe duka biyun, in ɗaya ya yanke su koma ɗayan. Ba zai yiwu yadda suke zato ba, domin lokacin rufewarsu ya haɗu. Densu na rufewa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu. A Ada al'ada ta hana kamun adodi daga wajejen Kirsimeti zuwa watan Maris, kuma ko a lokacin kamu ba a shiga ruwa ranar Talata. Ke nan daga ƙarshen Disamba zuwa Maris ba sabuwar kawa ba sabon adodin kamu. Ga mu 'yan zango wannan ya fi ciwo, domin a 'yan shekarun nan azumi cikin Fabrairu da Maris yake faɗawa, kuma tunda yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, zai ci gaba da zama cikin lokacin rufewa na wasu shekaru masu zuwa. Cinikin buɗa-baki, wanda shi ne kakar mai tuya, ba za ki yi shi da ɗanyen kaya ba sai da abin da kika shanya ko kika daskarar tun Nuwamba. A nan ma adodi ya fi: wata tara yake buɗe, namansa mai tauri ne, yana karɓar shanya da ƙyafi. Kawa wata bakwai ne a takarda, kuma damina na cinye wani ɓangare na bakwai ɗin.

Yadda damina ke cinyewa kuwa ta ƙofar madatsa ne. Sama da bakin Densu kaɗan akwai madatsar Weija da ke shayar da yammacin Akra. Idan tafkin ya cika dole a buɗe ƙofofi, ruwan daɗi mai laka ya kwararo ya kore gishiri. Mutanen Tetegu da Oblogo ba za su manta da Oktoban 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga ɗakuna har saman taga. Abin da ba a nunawa a talabijin shi ne kawar da ke mutuwa a ƙasa, ta bar ɓawo a buɗe. Adodi bai damu da ruwan daɗi ba, gidansa ne, don haka damina ta yau da kullum ba ta kashe shi. Amma shi ma yana ƙarƙashin ƙofar wani. Da aka fara sakin ruwan Akosombo a Satumban 2023, Mepe da Battor da sassan Sogakope suka nutse, dubban mutane suka rasa muhalli, ruwa ya yi ƙarfin da ba mai iya nutso, ga masai da maƙabartu da ambaliya ta wanke zuwa cikin kogi. Bambancin shi ne na Weija kusan duk shekara ne, na Akosombo kuwa sai an jima.

Maganar ambaliya ta kawo mu wurin da ba na so ki karanta da gaggawa. Kawa da adodi kamar ƙyallen tace koko suke: ruwa ya wuce, abin da ke cikinsa ya tsaya. Abincinsu ƙananan tsirran ruwa ne da ido ba ya gani, amma matatarsu ba ta bambanta abinci da ƙwayar cuta. Babbar kawa na iya tace lita masu yawa a yini, don haka ƙwayar da ke warwatse cikin kogi takan taru ta yi yawa a cikinta fiye da yadda take a ruwan. A 1988 kimanin mutum 300,000 suka kamu da ciwon hanta nau'in A a birnin Shanghai na ƙasar Sin, sanadin cin wani ɗan'uwan adodi da aka kwaso daga ruwa mai najasa ba a dafa sosai ba. Mu nan mun san kwalarar 2014, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a Gana, akasari a Akra. Densu ya taso daga tsaunin Atewa, ya ratso Nsawam da garuruwan da ke zuba masa shara da ruwan kwata, ya ƙare a gefen birni mai cunkoso. Ƙarshen Volta ruwa ne mai yawa da gudu, amma ƙauyukan gaɓarsa da yawa ba su da wadatar masai. Kada kowa ya ce miki ɗaya daga cikinsu tsarkakakke ne.

Duk da haka haɗarin ya fi karkata wajen kawa, saboda dalilai biyu. Na farko, ita ce ake ci ɗanya a otel-otel, a matsa mata lemun tsami a haɗiye. Adodi ba mai cinsa sai ya sha wuta sau biyu. Na biyu, ruwa mai ɗumi mai gishiri-gishiri shi ne gidan ƙwayoyin Vibrio, kuma ɗaya daga cikinsu, Vibrio vulnificus, takan kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar da ta kama. Ta fi tsananta ga mai ciwon hanta da mai ciwon suga, kuma kin san yawan masu ciwon hanta nau'in B a unguwanninmu, wasu ma ba su san suna da shi ba. Takan shiga ta rauni ma, don haka yankan ɓawon kawa da ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi na asibiti ne a ranar, ba na man zafi ba. Lemun tsami ba ya kashe ta, barkono ba ya kashewa, shito ba ya kashewa. Wuta ce kaɗai. Ita ma Volta tana da nata ciwon, tsargiya, amma ba ta cin adodi ake ɗauka ba. Ta fata take shiga in kin tsaya cikin ruwan, wani ƙaramin dodon koɗi ne ke ɗauke da ita. Ki tsaya a gaɓa, ki bar wanki cikin kogi.

Abu biyu ne wuta ba ta magani: ƙarafa masu guba irin su zaiba da dalma, waɗanda galamse da sharar masana'antu ke zubawa a koguna, da kuma dafin wasu tsirran ruwa da kan yi yawa lokaci-lokaci har ruwa ya canja launi. Waɗannan sai awon ɗakin gwaji. Abin da ke hannunki shi ne ki san ainihin inda aka kwaso kayanki, ki guji saye bayan babbar ambaliya ko lokacin da aka ga kifi na mutuwa, kuma in kasuwarki ta girma har kina ƙullawa a leda da suna, ki kai samfur Hukumar Abinci da Magunguna.

Ƙa'idar hannu ɗaya ce ga duka biyun. Mai rai ne kawai ake dafawa: wanda ya buɗe baki kika ƙwanƙwasa bai rufe ba, ya mutu, jefar. Kada ki ƙulle su a leda, kada ki jiƙa kawa a ruwan famfo, ki rufe su da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Adodi kuwa kwana ɗaya cikin ruwa mai tsabta da ake canjawa na sa ya tofar da yashi. In kin ɗora a wuta, bayan ɓawo ya buɗe ki ƙara minti uku zuwa biyar yana tafasa, wanda ya ƙi buɗewa ki fitar da shi. Naman da kika ɓare ko dai ya shiga mai nan take ko ya shiga ƙanƙara. Kawa ta fi saurin lalacewa, ruwa ne jikinta, in wuta ta ɗauke dare ɗaya firiza ta saki, ki ɗauka jarin ya tafi.

A bakin mai ci fa? Adodi ɗan tauri gare shi, ana tauna shi kamar ƙundun kaza, yana shan yaji, yana zama a tsinke. Wanda ya saba da cicinga ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yana shiga miyar kuɓewa, yana zama a gefen wake da shinkafa, yara na iya saye da 'yan sulalla. Kawa laushi gare ta, da ƙamshin teku, in ta sha wuta takan tsuke ta koma rabi, kuma mutanenmu da yawa sukan ce tana da ƙarni. A gina jiki kuwa ita ce gaba: da wuya a sami abincin da ya kai kawa sinadarin zinki, ga ƙarfen jini da bitamin B12. A ƙasar da kusan mata huɗu cikin goma ke fama da ƙarancin jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da ni ce mai ba da shawara a asibitin awo da na sa dafaffiyar kawa cikin abin da ake faɗa wa mata. Adodi ma yana da ƙarfen jini da furotin mai kyau. Ki dai riƙa gaya wa sabon mai saye cewa wanda jatan lande ko ƙaguwa ke sa wa ƙaiƙayi da kumburi ya yi hattara.

Wanda zai biya kawa da daraja yana Osu da Labone da East Legon da otel-otel na bakin teku, ba a layinmu ba. Su kuma suna son girma ɗaya, tsabta, sanyi da bai yanke ba, da kawowa a ranar da aka yi alkawari. Wadda ke da firiza da janareta, da ɗan da ya iya tallar WhatsApp, da ƙawa a cikin matan Tsokomey da za ta ware mata manya, ita ce kawa ta dace da ita, kuma ribarta kan kowane kilo za ta fi ta mai adodi. Haka ma 'yar'uwar da ke zaune a Weija ko Bortianor ko Kasoa, wadda kuɗin motarta bai taka kara ya karya ba.

Kada ki manta da ɓawo. A Ada tulinsa ya kai tsayin ɗaki, kuma kuɗi ne: ana niƙa shi a zuba a abincin kajin ƙwai, ana ƙona shi a yi farar ƙasa, magina na sa shi a daɓe da kankare. In kina sayen adodi da ɓawonsa, ki nemi mai kiwon kaji ya riƙa kwashewa. Ɓawon kawa ma yana da wannan amfani, amma wurinsa na gaskiya cikin Densu ne, inda 'ya'yan baɗi za su manne. Ni dai da a ɓare miki a can ki bar musu shi.

Saura masu cewa su ba saye da sayarwa suke so ba, kiwo suke so. Kiwon adodi a Volta tsohon abu ne: ana sayen ƙanana daga masu nutso, a kai su wani fili cikin kogi mai yashi mai kyau da aka kafa wa alama da sanduna, a watsa, a bar su wata shida zuwa takwas su yi girma, a kwashe lokacin da kaya ya yi ƙaranci kuɗi ya hau. Ba abinci, ba magani. Amma jarin na kwance ƙarƙashin ruwa inda idonki ba ya gani, kina Akra. Akwai sata, akwai ambaliya, akwai rigima kan filaye tsakanin masu kiwo da masu kamu, kuma filin na dangi ne da sarakunan wurin. Baƙuwa ba ta shiga sai ta hannun ɗan gari amintacce, da shaidu, da rubutu. Ga wani abin da ke damuna: irin da ake watsawa daga kogin ake kwaso shi, don haka yawan masu kiwo na nufin yawan kwasar ƙanana kafin su hayayyafa.

Kiwon kawa ya fi araha kuma ya fi alheri ga ruwa. Ana kafa sanduna a gicciya, a huda ɓawon kawa ko na kwakwa a zura a igiya a rataya, 'ya'yan da ke yawo su zo su manne da kansu. Masanan Jami'ar Cape Coast sun daɗe suna gwada wannan a bakin kogunanmu, har da bututun roba da tayil. Ba ki rage komai daga kogi ba, kin ma ƙara masa matata. Amma aiki ne na wadda ke kwana kusa da ruwa: goge laka, rage cunkoso, auna gishiri, sauraron sanarwar buɗe Weija. Kuma a Densu sai da yardar ƙungiya. Daga Nima ba a kiwon kawa.

Don haka in jarinki na susu ɗaya ne kuma tirenki a zango yake, ki fara da adodi, ki fara da saye ba kiwo ba. Tafiyar farko ki je da wadda ta san bakin ruwa, kada ta zama Talata, ki tafi da kula da ƙanƙara. Ki sayi kaɗan da ɓawonsa, kaɗan dafaffe, ki auna naman da kowanne ya ba ki bayan tuya, ki haɗa da kuɗin mota da mai da gawayi, sannan ki san wanne ya fi miki. Ki ƙi ƙananan da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba ko da an karya miki farashi, ki karɓi lambar matar da kayanta ya fi tsabta, domin daga tafiya ta uku direban Ada ne zai riƙa kawo miki saƙo tasha, ke kuma ki tura kuɗi ta waya. Daga Oktoba ki fara shanya na azumi.